SHARHI: Ga makarantar lauyoyi a Bagauda, ga manoman Kura da Bunkure ba mai rubuta musu takardar jingina

Duk wanda ya bi titin Zariya daga Kano a watan Janairu ko Fabrairu, da zarar ya wuce Kura zai fara ganin kwandunan tumatir jere a bakin hanya, da manyan motoci suna lodi a Kwanar Gafan za su nufi Legas da Fatakwal. Hagu da dama kore ne shar, alhali sauran ƙasar Kano ta bushe ƙamas. Wannan shi ne yankin noman rani na Kadawa, mai shan ruwan madatsar Tiga da aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, wanda Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ke kula da shi. An tsara kashin farko na aikin ya shayar da kimanin hekta 22,000 a ƙananan hukumomin Kura da Bunkure da Garun Malam, waɗanda tun a ƙidayar 2006 jama'arsu ta haura mutum 400,000.

Ba nisa da nan, a Bagauda cikin Ƙaramar Hukumar Bebeji, inda ita kanta madatsar take, akwai reshen Kano na Makarantar Horas da Lauyoyi ta Najeriya. Kowace shekara ɗaruruwan matasan da suka gama digirin shari'a daga sassan ƙasar nan suna zaman watanni a wurin, suna koyon rubuta yarjejeniya da takardar cinikin fili da takardar neman beli. A birnin Kano kuma, mai tazarar kilomita 30 ko sama da haka kaɗan daga Kura, akwai Tsangayar Shari'a ta Jami'ar Bayero, inda ake haɗa wa ɗalibi dokar ƙasa da shari'ar Musulunci, ga kuma Kwalejin Aminu Kano ta Nazarin Shari'a da Addinin Musulunci, wadda Kanawa suka fi sani da Ligal. Da wuya a sami wani yankin karkara a Arewa da masu koyon shari'a suka kewaye haka. Da wuya kuma a sami inda jama'a ke ƙulla harkar miliyoyin naira da baki kawai kamar nan. Ga ƙoshi, ga kwanan yunwa.

Kiran da ake yawan yi wa ɗaliban shari'a su sadaukar da lokacinsu ga marasa galihu yakan tsaya ne a gidajen yari na birni, Kurmawa da Goron Dutse, kuma da hujja, tun da kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda ke tsare a gidajen yarin Najeriya jiran shari'a suke yi. Amma wani ɓangare na waɗannan mutane daga ƙauye aka kawo su, kuma abin da ya kai su can ya faro ne daga gona ko buhun taki ko bashin da ba a rubuta ba. A wannan mataki na farko ne ɗalibi zai fi amfani, domin shi ne aikin da doka ta yarda ya yi, shi ne kuma wanda lauyoyi masu zaman kansu ba sa waiwaya saboda ba kuɗi a ciki.

Ƙasar da ruwa ya yi wa tsada

Lokacin da aka shimfiɗa aikin a shekarun 1970, an karɓi gonakin jama'a, aka baje su, aka yanka magudanan ruwa da hanyoyi, sannan aka sake raba wa masu su. Tsoffin iyakoki na bishiya da gamba da kunya suka ɓace. Mai bincike Tina Wallace, wadda ta yi nazarin aikin a ƙarshen shekarun 1970 ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, ta nuna tun a lokacin yadda ƙananan manoma da ba su iya ɗaukar tsadar noman rani ke sakin gonakinsu ga masu hali. Yau kusan shekara 50 ke nan, kuma hanyoyin sakin gonar ba su sauya ba: haya, aro, jingina, ko a noma a raba.

Jingina ita ce ta fi haifar da rigima. Magidanci ya shiga matsi, ko rashin lafiya ko aurar da 'ya, ya karɓi kuɗi a hannun wani ya ba shi gona ya riƙa nomawa har ranar da za a fanshe ta. Shaidu biyu ko uku ne, wani lokaci da mai unguwa. Shekaru su shuɗe, shaidu su rasu, shi kansa mai gonar ya rasu. Ranar da magada suka tara kuɗin fansa, sai wanda ke riƙe da gonar ya ce ai saye ya yi.

A nan ne wata ƙa'ida ta mazhabar Malikiyya da kotunan shari'ar Musulunci na Arewa ke aiki da ita take shigowa, wato hauzi. Idan mutum ya riƙe ƙasa shekara 10 yana amfani da ita, mai da'awa yana gari yana gani bai ce komai ba, kuma ba wani uzuri da ya hana shi magana, to ba za a saurari da'awarsa ba. Tsakanin 'yan uwa wa'adin yakan kai shekara 40. Hauzi ba ya aiki a kan abin da aka karɓa aro ko haya ko jingina ko amana. Sai dai wanda ya ce jingina ce, shi zai kawo hujja. Ke nan makomar gonar da iyali suka gada kaka da kakanni tana iya rataya a kan takarda guda mai layi goma, ɗauke da sunayen ɓangarori, iyakokin gona, adadin kuɗi, sharaɗin fansa da sa hannun shaidu. Wannan takarda ɗalibin aji huɗu zai iya rubuta ta cikin rabin sa'a, da Hausa, kuma a karanta wa kowa ya ji kafin ya dangwala.

Ba sai an sha wahalar gamsar da manomin Bunkure cewa rubutu ba rashin yarda ba ne. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, magana take yi a kan rubuta bashi da kafa masa shaidu. Abin da ya yi ƙaranci shi ne marubucin da ya san abin da ya kamata ya shiga takardar, wanda kuma ba ya cin albasa da bakin ɗaya daga cikin ɓangarorin.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ƙara wa lamarin wani ƙulli. Sashe na 6 ya ba ƙaramar hukuma ikon ba da shaidar mallakar gargajiya a kan ƙasar noma da ba ta cikin birni, sashe na 21 kuma ya ce ba a sayar da irin wannan ƙasa ko jinginar da ita sai da amincewar ƙaramar hukumar. Idan gwamnati ta karɓi ƙasa don amfanin jama'a, sashe na 29 bai tanadi a biya kuɗin ƙasar kanta ba, sai na abin da aka gina ko aka shuka a kanta. Manoma ƙalilan ne suka san haka kafin ranar da ma'aikata za su zo da abin awo. Tarihin noman rani a Arewa ya riga ya nuna inda rigimar diyya ke iya kaiwa: a Bakolori, cikin Afrilun 1980, 'yan sanda sun buɗe wuta a kan manoman da ke zanga-zanga kan gonakinsu da diyyarsu, aka rasa rayuka da dama.

Su ma masu riƙe da tarihin gonaki a ka, wato dagatai da masu unguwanni, siyasa ba ta bar su sun zauna wuri ɗaya ba. A 2019 an cire Kura da Bunkure daga masarautar Kano aka kai su Rano. A 2024 aka rushe wancan tsari, sannan aka dawo da Rano a matsayin masarauta mai daraja ta biyu, Bunkure na cikinta, Kura kuwa ta koma Kano. Shaidar da ta dogara ga wanda ke kan kujera kaɗai tana girgiza duk lokacin da kujerar ta girgiza.

Mata su ne suka fi shan kashi a wannan fage. Shari'a ta yanke wa 'ya mace rabonta, ta yanke wa matar mamaci tumuni idan akwai 'ya'ya, rubu'i idan babu. Amma sau da yawa ba a raba gonar, sai a bar ta a hannun babban wa da sunan kada a yayyanka ta, ana ba mace ɗan abin da ya samu bayan girbi, har maganar ta shiririce. Matar da ke cikin kulle ba za ta je rumfar kasuwa neman shawara wurin saurayi ɗan jami'a ba. Idan babu ɗalibai mata da za su shiga gida, ko su zauna a makarantun Islamiyya na matan aure, to rabin masu buƙatar ba za su taɓa jin labarin shirin ba.

Yadda bashi ke rikiɗa ya zama laifi

A Kadawa kalmar kuɗin ruwa ma'ana biyu gare ta: akwai wanda ake biya don a sako ruwa a magudana, akwai wanda ke hawa kan bashi. Dukansu suna kai mutum gaban hukuma.

Na farkon ya ƙara muhimmanci tun da aka shigo da shirin TRIMING, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2014 da kuɗi kusan dala miliyan 495, kuma Kadawa na cikin wuraren da aka gyara a ƙarƙashinsa. Ginshiƙin shirin shi ne miƙa kula da ƙananan magudanai da tara kuɗin ruwa ga ƙungiyoyin masu amfani da ruwa. Wannan ya mayar da manomi mamba a ƙungiya mai kundin dokoki da zaɓe da asusu da tara. Wa ke biya idan gona tana hannun ɗan haya? Mene ne haƙƙin wanda gonarsa ke wutsiyar magudana, ya biya amma ruwa bai iso ba? Ta wace hanya mamba zai nemi a nuna masa lissafin asusu? Duk tambayoyin doka ne, kuma ba wanda zai ɗauki lauya daga birni a kansu.

Na biyun ya fi zafi. Shirin ba manoma rance na Babban Bankin Najeriya da Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar a Birnin Kebbi cikin Nuwamban 2015 ya raba sama da naira tiriliyan ɗaya a faɗin ƙasa kafin sabon shugabancin bankin ya janye daga irin waɗannan shirye-shirye a ƙarshen 2023. An ba da rancen ne rukuni-rukuni, kowa ya tsaya wa ɗan'uwansa, a kan takardun Turanci da yawancin masu dangwalawa ba su iya karantawa ba. Wasu sun ɗauka rabonsu ne na arzikin ƙasa, wasu kuma ambaliya ko tsutsa ta cinye amfanin. Haka nan masana'antar tumatir ta Dangote da aka buɗe a Kadawa a 2016 ta sha tsayawa, saboda ƙarancin tumatir bayan ɓarnar tsutsar da manoma ke kira sharon, da kuma saɓani kan farashi tsakaninta da manoma. Darasin da ke ciki shi ne yarjejeniyar noma da kamfani ba ta da ƙarfi idan ɓangare ɗaya ne kawai ya fahimci abin da ta ƙunsa.

Ƙasa da waɗannan akwai bashin yau da kullum: dillalin da ya ba da taki da iri a kan za a biya shi da shanshera bayan girbi, ko mai injin casa da ya ba da kuɗin gaba. Idan biya ya gagara, hanya mafi sauƙi ga mai bin bashi ita ce caji ofis, inda ake sauya wa maganar suna ta koma cin amana da zamba. Alhali Dokar 'Yan Sanda ta 2020, a sashe na 32, ta hana kama mutum saboda saɓa yarjejeniya ko wata taƙaddamar da ba ta laifi ba, sashe na 36 kuma ya hana kama wani a madadin wanda ake nema. Sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulki ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40. Dokokin suna nan a rubuce. Abin da babu shi ne wanda zai tsaya a kanta ya faɗe su da ladabi, ya rubuta suna da lokacin da aka kawo mutum, ya kira lauya. Shi ma mai bin bashin yana da hanyar halal da bai sani ba, domin tun 2019 Kano ta buɗe kotunan ƙananan basussuka inda mutum zai iya shigar da ƙara da kansa ba tare da lauya ba, ga kuma cibiyar sulhu ta Babbar Kotun Jiha da ke aiki tun 2009.

Iyakar ɗalibi

Dole a faɗi gaskiya a nan, domin masu kiran a yi aikin sa-kai sukan tsallake ta. Ɗalibi ba lauya ba ne. Dokar aikin lauya ta haramta wa wanda ba a rantsar ba ya tsaya wa wani a kotu a matsayin lauya ko ya nuna kansa a haka. Abin da zai iya shi ne sauraro, tattara bayani, wayar da kai, tsara takarda a ƙarƙashin kulawar lauya, raka mutum ofis, da miƙa ƙara ga wanda ya dace.

Tsarin yin hakan ba sabo ba ne. Ƙungiyar NULAI, wadda aka kafa a 2003, ta fara gwajin zaurukan agajin shari'a a jami'o'i huɗu, wato Maiduguri da Uyo da Uturu da Akungba, inda ɗalibai ke koyo a kan matsalolin mutane na gaske kamar yadda ɗaliban likitanci ke koyo a gefen gadon majinyaci. Daga baya tsarin ya bazu zuwa jami'o'i da dama, har da Bayero da Ahmadu Bello. Dokar Agajin Shari'a ta 2011, a sashe na 17, ta amince da waɗannan zauruka da mataimakan lauyoyi, ta kuma ba Hukumar Agajin Shari'a, wadda ke nan tun 1976, damar aiki da su. Sashe na 18 ma ya wajabta wa mai neman muƙamin Babban Lauya, SAN, ya nuna aƙalla shari'o'i uku da ya yi kyauta a shekarar da ta gabaci nemansa. Wato akwai manyan lauyoyi a Kano da ke da dalilin kansu na karɓar ƙararrakin da ɗalibai za su tace su kawo. A Saliyo, ƙungiyar Timap da aka kafa a 2003 ta nuna cewa mataimakan lauyoyi da ke zaune a ƙauye, da lauyoyi kaɗan a bayansu, suna iya warware yawancin matsaloli ba tare da an je kotu ba, har dokar ƙasar ta 2012 ta amince da su.

To me ya hana a Kura da Bunkure? Ba rashin tausayi ba ne a zukatan ɗalibai. Tun bayan cire tallafin man fetur a Mayun 2023, kuɗin mota zuwa da dawowa ya zama abin lissafi ga ɗalibin da ke fama da kuɗin rajista. Wanda ke Bagauda kuwa yana cikin shekara mafi tsanani a karatunsa, jarrabawar zama lauya na gabansa, kuma da yawa daga cikinsu ba su jin Hausa. Aikin da ba ya cikin maki, ba ya cikin jadawali, ba kuma wanda ke biyan kuɗin motarsa, yakan ƙare ne a ziyarar rana ɗaya: a zo da riguna masu tambari, a yi jawabi a fadar hakimi, a ɗauki hoto a sa a Facebook, a tafi. Irin wannan ziyara tana iya fin rashinta illa, domin tana tayar da tsohuwar rigima ta bar ta ba mai bi.

Akwai kuma haɗarin da Hausawa suka taƙaita da cewa ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Ɗalibin da ya gaya wa bazawara cewa ƙararta a fili take, bai tambayi shekara nawa gonar ta yi a hannun wancan ba, ya jefa ta cikin asarar kuɗi da ɓacin zumunci. Wanda ya ɗauki sirrin iyali ya kai hira ɗakin kwanan ɗalibai ya karya amana. Wanda bai gane cewa dagacin da ya ba su masauki yana da hannu a rigimar da aka kawo musu ba, an yi amfani da shi bai sani ba. Kuma a jihar da komai ke ɗaukar launin jar hula ko akasinta, zauren da ɗan siyasa ya ɗauki nauyinsa ya rasa rabin jama'a tun ranar buɗewa.

Saboda haka nauyin yana kan hukumomi kafin ɗalibai. Makarantar Horas da Lauyoyi ta riga tana tura ɗalibanta zaman koyon aiki a kotuna da ofisoshin lauyoyi. Majalisar Ilimin Shari'a da ke kula da ita tana da ikon lissafa zama a zauren agaji na karkara cikin wannan wa'adi. Tsangayar Shari'a ta Bayero tana iya ba da maki a kan fayil ɗin da ɗalibi ya bi har ƙarshe, ta haɗa ɗan Bagauda da ya ƙware a tsara takardu da ɗan Ligal da ya san fiƙihun gado da harshen mutanen. Ƙungiyar Lauyoyi reshen Kano ta ba da masu dubawa, ta yadda ba takardar da za ta fita sai lauya ya gani. Ƙananan hukumomin uku kuwa ɗaki ɗaya da kabad mai makulli ake nema a wurinsu, da rajistar da za a riƙa ajiye kwafin kowace yarjejeniya.

Bai kuma kamata gwamnati ta fake da ɗalibai ba. Dokar 2011 ta ce agajin shari'a haƙƙin duk wanda samunsa bai wuce mafi ƙarancin albashi ba ne, wanda ya koma naira 70,000 a 2024, kuma shugabannin hukumar sun sha kokawa kan ƙarancin lauyoyi da kuɗi. Dokar 'Yan Sanda ta ce kowane babban ofishin yanki ya kasance da ɗan sanda lauya, ta kuma ɗora wa alƙalan majistare ziyartar wuraren tsare mutane duk wata. Ɗaya daga cikin ayyuka mafi amfani da ɗalibai za su yi shi ne rubuta ko ana yin waɗannan a Kura da Bunkure da Garun Malam ko ba a yi, wata bayan wata, su miƙa wa Babban Jojin Jiha da 'yan jarida.

Sai maganar lokaci, wadda jadawalin jami'a bai san da ita ba. Rigingimun yankin suna bin kalandar gona ne. Ana ƙulla haya da jingina da bashin taki gab da shukar alkama da dashen tumatir, wajen Oktoba da Nuwamba, da kuma farkon damina kafin dashen shinkafa. Ana kai ƙara caji ofis bayan girbi, musamman idan tumatir ya yi kwantai a Kwanar Gafan, kwando ya faɗi ƙasa da kuɗin ɗaukarsa. Zauren da zai buɗe ranar kasuwa a waɗannan makonni, da ɗalibai huɗu da lauya ɗaya da takardun yarjejeniya da aka riga aka buga da Hausar boko da ajami, zai tarar da layi kafin azahar.